Ranar da Aka Aiki Mai Riƙon Igiya a Damba

Na ji abin da kuke faɗa, ku samarin da ke bin motar haƙa burtsatse. Kun ce haƙar rijiya ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai da rashin abin yi: a ba ƙato diga, a nuna masa ƙasa. To ku matso. Ni Hamidu a cikin rami na yi furfura, kuma zan gaya muku abin da injinku bai koya muku ba. Ƙasa ba ta cika kashe mahaƙi ba. Abin da ke kashe shi yana sama, a tsakar gidan da ya shiga yi wa aiki.

Rijiyar farko da na sa hannu a aikinta a Bungudu ce, bayan gidan wani mahauci, a ƙarƙashin maigidana Baba Labbo. Na zo da zumuɗin in riƙe diga, sai ya miƙo mini igiya. Na daɗe a kanta har tafin hannuna ya yi kanta, ban taka cikin rami ba. A nan sama na san kayan aiki: diga mai gajeruwar ƙota, domin doguwa ba ta juyawa a rami, dagi na fasa marmara, shebur da aka datse, gugan roba na fitar da ƙasa, da wilin babur da muke ratayawa a gungume don igiya ta riƙa bi ta kai. Kowace safiya sai an zura fitila a kunne kafin mutum ya sauka. In ta mutu a hanya, babu iska a ƙasa, sai a ɗaura reshen dogonyaro mai ganye a yi ta zura shi ana jawowa har iska ta sauya.

Baba Labbo ba mai yawan magana ba ne, amma akwai wadda ba ya gajiya da ita. Yakan ce, "Wanda yas sauka ba shi da uwa, ba shi da uba, sai kai. Ko gobara ta tashi, ko ubanka yak kira ka, ba ka sakin igiyag ga."

A wancan lokaci shiga gidan mutum aiki yana da ladabinsa, kuma kowane ɓangare ya san nasa. Maigida zai tarbe ku a zaure a gaisa, ya tambayi sunayenku da garinku. Sannan ya shiga ciki ya ce wa iyali ga baƙi nan za su shigo, a kauce, a kuma tsare yara daga bakin rami. Shi da kansa zai nuna muku inda za ku yi alwala da inda za ku kewaya, domin kada larura ta sa baƙo ya buɗe ƙofar da ba tasa ba. A ajiye muku tulu da moɗa a inuwa. Da safe koko, da azahar fura. Wannan ba ya cikin lada, kuma ba a roƙonsa. Mu kuma namu shi ne ido a ƙasa, gyaran murya kafin ka sha kwana, abin da ka gani a gidan mutane ka bar shi a gidan mutane.

Wata rijiya da muka yi a Bilbis ba na mantawa da ita. Manomi ne mai gidan, kuma rumbunsa ya kusa ƙasa, ko ba a faɗa ba ka gani a wuyan 'ya'yansa. Da rana ta take sai ga shi da akushi a hannunsa, tuwon dawa da miyar kuka ko mai babu. Ya durƙusa ya ajiye, yana ta ba mu haƙuri kamar ya yi mana laifi. Ya kwance awakinsa ya kai su maƙwabta don kada su turo mana ƙasa, shi kuma ya wuni yana korar kaji daga bakin ramin. Sai daga baya maƙwabcinsa ya gaya mana cewa tun da muka fara aikin, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan domin a samu a ciyar da mu. Baba Labbo ya yi salati ya riƙe baki. Daga ranar ya hana mu cinye akushi, rabi muke ci mu ce mun ƙoshi.

Da aka ba Zamfara jiha, Gusau ta cika da baƙi. Gidaje suka yi ta tashi a Damba, ruwan famfo bai isa ba, kowa na neman rijiya. Baba Labbo ya riga ya rasu, ni ke jan aiki, tare da abokaina biyu, Sale mutumin Tsafe da Mamman mutumin Bungudu, dukansu magidanta. Sale shi ne mai igiyata, kuma ban taɓa samun hannu irin nasa ba. Guga in ya cika, yana jin nauyinsa a yatsa kafin in yi magana.

Sai shekarar wahala ta zo, wajen casa'in da takwas. Hatsi ya yi tsada, man fetur ya ɓace, kuɗin mota ya ninka. Mutanen ƙauye da ke kiranmu suka ce a dakata sai an ga kaka. Muka zauna har diga ta fara tsatsa. Don haka da aka ce wani Alhaji Garba mai manyan motocin ɗaukar kaya yana neman mahaƙa a sabon gidansa na Damba, ban tsaya duba komai ba.

Ta tagar mota muka yi magana da shi, ko fitowa bai yi ba. Bai tambayi sunan kowa ba. Ya ce wa maigadi, "Kai su baya, ka nuna musu wurin," ya ɗaga gilashi. Ba a shiga an gaya wa iyali ba, mu dai muka yi ta sallama muna bin bango. Da muka nemi ruwan sha, maigadi ya kawo wani galan na baƙin mai da aka yanke wa kai, ya nuna mana duron ruwan da magina suka bari. Mamman ya shinshina galan ɗin, ya dube ni, ya dubi Sale. Da muka tambayi makewayi, aka nuna mana kangon da ke bayan katanga. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ƙamshin miya na tasowa daga ciki, ko ƙanzo ba mu gani ba.

Abu ɗaya na roƙa. Akwai janareta a jikin katanga kusa da inda za mu haƙa, bututun hayaƙinsa yana kallon ramin. Na tare Alhaji a ƙofa na ce, "Alhaji, don Allah kada a tayar da wancan in akwai mutum a ƙasa." Ya ce, "To, to," yana duban agogo. Maganar nan ba ta wuce ƙofar ba. Ba wanda ya gaya wa.

Aiki ya yi nisa. Mun wuce jar ƙasa, mun fasa marmara, mun fara taɓa yumɓu mai sanyi. Rami ya kai zurfin da in ka ɗaga kai, sama kamar faifai take. Zafin bazara ne, don haka muka rufe rabin bakin ramin da fallen kwano saboda rana. Tun da gidan ba ya ba mu abinci, kullum da rana ɗayanmu sai ya fita bakin titi ya sayo. Ran nan Mamman ne ya tafi. Ku lura da wannan: a gidan da ake kawo akushi, mutum biyu ne a sama koyaushe. A gidan nan mutum ɗaya ya rage.

Ina ƙasa ina sara, sai na ji muryar Alhaji daga nesa. Abin da ya faru a sama daga baya aka ba ni labari. Batirin motarsa ne ya ƙi, yana sauri. Ya leƙo baya ya ga Sale a tsaye da igiya, ya ce, "Kai, taho ka tura mini mota."

Sale ya ce, "Alhaji, akwai mutum a ƙasa."

"Mutumin tashi sama zai yi? Taho, yanzu za ka dawo."

Sale mutum ne mai kunya, bai taɓa ce wa babba a'a ba, ga shi kuma a cikin gidan mutumin yake. Ya ɗaure igiya a gungume, ya leƙo ya ce mini yana zuwa. Ƙarar diga ta hana ni ji. Motar kuwa ta ƙi tashi a ƙofar gida, suka yi ta tura ta cikin yashi har suka sha kwana. Kafin nan an ɗauke wuta, matar gidan, Hajiya Rabi, ana yi mata kitso zafi ya dame ta, ta aika a ce wa maigadi ya tayar da janareta. Ita ba ta san komai ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Maigadi ya ja igiyar inji, ya ruga ya bi masu turin mota. Gidan ya zama ba namiji ko ɗaya, sai ni a ƙarƙashin ƙasa.

Na ji rugugin injin a jikin bangon rami kafin in ji shi a kunne. Na ce, "Sale!" Shiru. Na girgiza igiyar guga, ba hannu a kanta. Duk wanda ya yi aikin nan ya san bambancin igiyar da ke hannun mutum da wadda ke ɗaure a itace: ta hannu tana amsawa, ta itace matacciya ce. Hayaƙi ya daki fallen kwanon nan ya juyo ƙasa. Wari ya fara, sannan kaina ya ɗauki sara. Na kama matakan da muke sassaƙawa a bango na fara hawa, ban yi nisa ba ƙafafuna suka zama kamar na wani, na zamo na dawo. Abin da na iya shi ne na warware guga, na ɗaura igiyar a ƙirjina ta ƙarƙashin hammata, na ƙulle. Na yi ta kira, na kira Sale, na kira Mamman, na koma kalmar shahada. Daga nan ban san abin da ake ciki ba.

Ashe ana gobe abin zai faru, mahaifiyar Alhaji, Inna Kulu, ta zo daga Bungudu neman maganin ido. Tsohuwa ce, ba ta gani sai dishi-dishi, amma kunnenta garau. Tana zaune a tabarma kusa da masu kitso, ta ce, "Ku yi shiru. Wa ka kira kamar daga cikin tulu?"

Hajiya Rabi ta ce, "Masu haƙar rijiya ne, Inna, a baya."

"Rijiya aka haƙa gidan ga? Da mutum ciki, kuma abin ga na hayaƙi?"

Ta miƙe ba sanda, tana laluben bango. Ta isa bakin rami ta shafa gungume, ta ji igiya a ɗaure ba kowa. Sai ta kurma ihu. Hajiya Rabi ta fito a guje, kai rabi a kitse rabi a tsefe, ko mayafi babu, matar da ba mu taɓa ganin ko inuwarta ba. Ita ta kashe injin. Mai kitso ta fisge fallen kwano ta yar. Suka kama igiya su uku, nauyina ya fi ƙarfinsu, Inna Kulu ta ce wa mai kitso ta hau turmi ta kira maƙwabta ta kan katanga. Mata suka shigo, wata da goyo, wata da muciya a hannu. Tsohuwar nan ita ta jera su. Ta ce kada su ja da hannu, su saɓa igiya a kafaɗa su juya baya su yi tafiya. Haka suka taka da ni har tsakiyar gida, igiya na kuka a kan wili.

Daidai kaina ya iso bakin rami Mamman ya shigo da ƙullin abinci. Ya watsar da shi ya cafki wuyan rigata ya fisgo ni waje.

Na farfaɗo a ƙarƙashin bishiya, jikina sharkaf da ruwa, ana ɗura mini nono, ina amai. Bayana duk ya saluɓe da gogar bango. Abin da na fara gani shi ne Sale, ya dawo daga turin mota, yana durƙushe ya dafe kai da hannu biyu. Maigadi ya ruga tasha, inda Alhaji ya wuce bayan motar ta tashi, ya kira shi.

Ina zaton kun ɗauka da ya shigo zai tambayi ko ina da rai. Mu ma haka muka ɗauka. Ya tsaya ya dubi matan unguwa cike da gidansa, ya dubi matarsa ba lulluɓi, ya ce, "Rabi, mene ne haka? Wa ya ce ki fito gaban 'yan aiki kai a buɗe?"

Matar da ke da muciya ta ce, "Inna lillahi!"

Inna Kulu ta ce, "Garba."

"Na'am, Inna."

"Mi sunan mutumin ga da ke kwance?"

"Ba ka sani ba. To tun da sunka hwara aiki gidan ga, mi sunka ci?"

Ya ce, "Inna, ai na biya su."

"Ban tambaye ka biya ba. A kawo min abin da suka shan ruwa da shi."

Mai kitso ta ɗauko galan ɗin nan ta sa mata a hannu. Tsohuwa ta shafa bakinsa da wuƙa ta yanke, ta kai hanci. Ta daɗe tana riƙe da shi. Da ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Ubanka magini na, Garba. Da laka yaka aiki gidajen mutane. In an ba shi dawo, curin hura, da rana, sai shi ci rabi, shi ƙulle rabi cikin hula shi kawo maka. Da abincin gidajen mutane anka rene ka. Da sun ba shi ruwa cikin abin ga, da ba ka yi ƙashin da kaka tsayawa da shi yanzu ba."

Ta ajiye galan ɗin a gaban ƙafarsa. Babban mutum, mai motoci har Legas, a gaban matan unguwa da 'yan aiki, ya tsaya kamar an dasa shi. Ni dai na rufe ido, domin irin wannan ba abin kallo ba ne.

Mun yi niyyar kwashe kayanmu mu bar ramin yadda yake. Da na samu sauƙi na zo ɗaukar diga, Inna Kulu ta aiko a kira ni. Ta tambayi sunana da na ubana da unguwarmu a Bungudu, ashe ta san gwaggona. Ta ce, "Hamidu, rami buɗe cikin gida mai ɗiya ba alheri ba na. Ku ƙare shi, don Allah ba don Garba ba. Ni ka tsaron ku."

Haka kuwa aka yi. Ta fasa komawa gida. Kowace safiya za a shimfiɗa mata tabarma a inuwa kusa da bakin rami, ta zauna da carbinta har mu tashi. An ɗauke janareta zuwa can gaba. Aka kawo sabon tulu da moɗa, aka buɗe mana makewayin zaure. Ranar da muka koma, Alhaji da kansa ya fito da tiren abinci, fuska a ɗaure, ya ajiye ya ce, "Malam Hamidu, Malam Sale, Malam Mamman, bismillah." Bai taɓa buɗe baki ya ce mu yafe shi ba, mu ma ba mu nema ba. Amma sunayen nan uku, daga ranar bai ƙara kuskure su ba.

Sale ya riƙe igiya har ƙarshe, sai dai ba Salen da na sani ba ne. Ko fitsari ba ya zuwa in ina ƙasa. Ya daina cin abinci da rana, yana tsaye igiya naɗe a hannu har ta yanke masa fata. In na yi shiru kaɗan sai in ji, "Hamidu?" In ce, "Ina nan." Can kuma, "Hamidu?" Na ce masa abin ya wuce, Inna Kulu ma ta ce masa ba laifinsa ba ne, kunya ce ta ja shi. Yakan ce to.

Wata hantsi dagi ya nutse, ruwa ya ɓulɓulo ta gefen ƙafata, mai sanyi, ba gishiri. Na yi kabbara, na ji mata sun ɗauki guɗa a sama. Muka zura kwalbatocin siminti masu riƙe bangon rijiya, muka ɗaure baki da siminti, muka wanke kayan aiki.

A tashar motar Tsafe muka rabu. Sale ya sauke igiyar daga kafaɗarsa, ya naɗe ta tsaf yadda ya saba, ya ɗora mini a hannu. Na ce, "Akwai aiki a Bungudu bayan salla, zan aiko maka."

Ya ce, "Kada ka aiko. Hannun ga ya saki mutum sau guda, kuma ya san hanya."

Na ce masa duk ƙasar nan babu wanda na yarda ya riƙe ni kamarsa, kuma gaskiya na faɗa. Ya girgiza kai, ya shiga mota. Noma ya koma. Har ya rasu, matarsa ta ce ko guga bai ƙara jawowa a rijiyar gidansu ba, sai dai ya sayi ruwa.